Wane Ya Haifi Wane: Amfanin Jerin Asali a Littafi Mai Tsarki

Tambaya: Malam, ina koyar da yara a makarantar Lahadi, bana kuma na ƙudura in karanta Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe. Da na iso 1 Tarihi sai na cije, domin sura tara a jere ba komai sai wane ya haifi wane. Laifi ne in na tsallake? Me waɗannan sunaye za su ƙara wa bangaskiyata? Sannan wani ya ce mini asalin Yesu da ke cikin Matiyu bai yi daidai da na Luka ba.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. Gajiya da sunayen da harshe bai saba da su ba ba zunubi ba ne, amma shawarata kada ki tsallake su. Dalili shi ne, manyan alkawaran da Allah ya yi a Tsohon Alkawari duka a kan zuriya ya ɗora su. Ya ce wa Ibrahim ta wurin zuriyarsa dukan al'umman duniya za su sami albarka (Farawa 22:18). Ta bakin Yakubu aka ce sandan mulki ba zai rabu da Yahuza ba (Farawa 49:10). Dawuda kuwa aka ce masa gidansa da gadon sarautarsa za su tabbata har abada (2 Sama'ila 7:16). Alkawari irin wannan hanya ɗaya ce ta gane ko an cika shi: a bi mutanen ɗaya bayan ɗaya, a ga ko zuriyar ta yanke a wani wuri. In ta yanke, magana ta faɗi ƙasa. Jerin sunayen nan su ne shaidar da Allah ya bari a rubuce domin duk mai shakka ya zo ya bincika da kansa.

Ki fara tuna waɗanda aka rubuta wa littafin Tarihi. Mutanen da suka komo daga bauta a Babila ne, da 'ya'yansu da jikokinsu. An rushe Urushalima da Haikali wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sai a 538 Sairus sarkin Farisa ya ba da izinin komawa. Ezra 2:64 ya ce jimlar taron 42,360 ne. Sun tarar da kango, ba sarki, ƙasarsu ta zama ɗan ƙaramin lardi a daular wasu. Abin da ke cin ransu shi ne: har yanzu mu ne mutanen da Allah ya yi wa alkawari, ko kuwa an gama da mu? Marubucin bai buɗe da wa'azi ba. Ya buɗe da Adamu, Shitu, Enosh, ya yi ta jan zaren har ya kawo shi sura ta 9, inda ya faɗa a fili cewa an kai Yahuza bauta saboda rashin amincinsu, nan take kuma ya jera sunayen waɗanda suka komo suka zauna a garuruwansu. Mutumin da ke zaune a taro ana karanta wannan da ƙarfi, sunan kakansa yake jira ya ji. Da ya ji shi, ya san bai ɓata ba.

Kuma ba maganar daɗin rai kawai ba ce, abinci da gado ne. A Ezra 2:59-63 akwai mutum 652 da suka taso daga Tel-mela da Tel-harsha da wasu garuruwa, amma suka kasa nuna gidan ubanninsu. Akwai kuma gidaje uku na firistoci da suka bincika littafin asali ba su ga sunansu ba. Ɗaya daga cikinsu kakansu ne ya auri 'yar Barzillai mutumin Gileyad, sai aka riƙa kiransa da sunan surukinsa, nasa ya shige. Aka dakatar da su daga aikin firist, gwamna ya hana su cin abinci mafi tsarki har sai an sami firist da zai nemi nufin Allah da Urim da Tummim. Ki dubi mutumin da ya yi tafiyar watanni a ƙasa domin ya yi hidima a bagade, ya iso, aka buɗe takarda, ba sunansa.

Farawa sura 5 kuwa ki karanta ta da murya, za ki ji wani abu yana ta dawowa kamar bugun ganga. Adamu ya yi shekara 930, ya mutu. Metusela ya yi 969, ya mutu. Abin da aka faɗa a gonar Aidan ne ke cika, domin amincin Allah ya haɗa har da cika gargaɗinsa. Amma kafin kowace mutuwa sai an ce ya haifi 'ya'ya mata da maza, wato albarkar da aka sa wa mutum tun ranar halitta ba a janye ta ba. A tsakiyar jerin kuma sai ga Anuhu, wanda ya yi tafiya tare da Allah, Allah ya ɗauke shi, shi kaɗai ba a ce ya mutu ba.

Inda abin ya fi kama ni shi ne wuraren da zaren ya yi siriri har ya kusa tsinkewa. Jerin Shem a Farawa 11 yana tafiya sumul, wane ya haifi wane, har ya iso kan Abram, wato Ibrahim, sai aya ta 30 ta ce matarsa bakarariya ce, ba ta da ɗa. A kan wannan gida ne Allah ya zaɓa ya ɗora alkawarin zuriya, Ibrahim kuma sai da ya kai shekara 100 aka haifa masa Ishaku. A gidan Yahuza 'ya'ya biyu suka mutu, ya hana Tamar na ukun, aka sami Feresa ta hanyar da ba a iya faɗa a gaban yara ba tare da an zaɓi kalmomi ba, har Yahuza da bakinsa ya ce ta fi shi gaskiya. A 2 Sarakuna 11, Ataliya da ta ga ɗanta sarki Ahaziya ya mutu, sai ta tashi ta hallaka 'ya'yan gidan sarauta. Yehosheba, 'yar'uwar Ahaziya, ta sace jariri Yowash ɗan Ahaziya daga cikin waɗanda za a kashe, ta ɓoye shi da mai renonsa a ɗakin kwana, daga nan aka ajiye shi a Haikali shekara 6. Duk tsawon wannan lokaci, a idon mutanen Urushalima gidan Dawuda ya ƙare. Alkawarin da aka ce na har abada ne yana rarrafe a wani ɗaki a ɓoye, mutane ƙalilan ne suka sani.

Amma babu inda ya kai labarin Yekoniya, wanda ake kuma kira Yehoyakin. Yana da shekara 18 ya hau gado, wata 3 kawai ya yi, Nebukadnezzar ya kwashe shi zuwa Babila a shekara ta 597. Maganar da Irmiya ya yi a kansa tana da nauyi ƙwarai. Ubangiji ya ce ko da shi zoben hatimi ne a hannun damansa, zai cire shi. Ya ce a rubuta mutumin nan kamar marar ɗa, domin ba wani daga zuriyarsa da zai yi nasarar zama a gadon Dawuda (Irmiya 22:24, 30). Duk wanda ya ji wannan a lokacin dole ya ce alkawari ya warware. Mai Zabura ta 89 ma haka ya yi kuka, yana tambayar Ubangiji ina ƙaunarsa ta dā, wadda ya rantse wa Dawuda da amincinsa.

To, ga abin da ya biyo baya. Masu tonon kayan tarihi 'yan Jamus, ƙarƙashin Robert Koldewey, sun yi aiki a kangon Babila daga 1899 zuwa 1917, suka tono allunan yumɓu na ma'ajin fada. A 1939 wani masani mai suna Ernst Weidner ya buga abin da ke rubuce a kansu. Lissafin rabon abinci ne, irin wanda ma'aji ke yi: mai kaza ga wane, mai kaza ga wane. A ciki akwai rabon mai na Yekoniya, an kira shi sarkin ƙasar Yahuza, da kuma rabon 'ya'yan sarkin Yahuza su biyar. Allunan suna gidan tarihi a Berlin har yau. Magatakardan Babila bai san Irmiya ba, bai san alkawarin Dawuda ba, mai kawai yake aunawa, amma ya bar mana shaidar cewa zuriyar tana raye a hannun maƙiyanta, su ne ma ke ciyar da ita. Littafin 2 Sarakuna ya rufe da cewa a shekara ta 37 ta bautar Yekoniya, Ewil-merodak sarkin Babila ya fito da shi daga kurkuku, ya tuɓe kayan fursuna, ya riƙa cin abinci a teburin sarki. 1 Tarihi 3:17-18 kuma, cikin surorin nan da suka gajiyar da ke, ya jera 'ya'yansa maza bakwai. A shekara ta 520 annabi Haggai ya zo wa jikansa Zarubabel da saƙo cewa Ubangiji zai mai da shi kamar zoben hatimi, gama ya zaɓe shi (Haggai 2:23). Zoben da aka cire daga yatsa a zamanin kaka, an mayar a zamanin jika. Hukuncin bai faɗi ba, domin Zarubabel gwamna ya zama, bai taɓa zama sarki ba, ba kuma wani ɗan Yekoniya da ya sake sarautar Yahuza. Alkawarin ma bai faɗi ba. In ba ki san wane ne kakan wane ba, ayar Haggai za ta wuce ki kamar kowace aya.

Yanzu mu zo kan Matiyu sura 1. Shi da kansa ya ce ya kasa jerin kashi uku, kowanne tsara 14: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bautar Babila, daga bauta zuwa Almasihu. Domin lissafin ya zauna haka ya tsallake wasu. Tsakanin Yoram da Azariya ya bar sarakuna uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya, wato ɗan Ataliya da jikanta da tattaɓa-kunnenta, abin da ya sa masana da yawa ke ganin saboda jinin gidan mugun sarki Ahab ne, gidan da Ataliya ta fito. Wannan ba kuskure ba ne a wurin Bayahude, kuma bai kamata ya ba mu mamaki ba. Maroƙi a wurin biki in ya tashi wasa mutum, cewa yake jikan wane, alhali tsakaninsu akwai kakanni huɗu ko biyar, ba kuma wanda zai ce ya yi ƙarya. Ezra ma a sura 7 ya taƙaita nasa asalin idan aka gwada da 1 Tarihi 6. Inda Matiyu ya rabu da maroƙi shi ne wajen zaɓe. Maroƙi jarumawa da masu kyauta yake tsamowa, ya binne abin kunya. Matiyu kuwa ya bar Saratu da Rifkatu, iyayen da kowa ke alfahari da su, ya ambaci Tamar, da Rahab karuwar Yariko, da Rut mutuniyar Mowab, daga al'ummar da Shari'a ta ce ba za su shiga taron Ubangiji ba har tsara ta goma (Maimaitawar Shari'a 23:3). Da ya iso kan uwar Sulemanu bai kira ta Batsheba ba, ya ce matar Uriya, domin kada kowa ya manta da abin da Dawuda ya yi wa sojansa mai aminci. Manassa ma yana nan, wanda ya yi shekara 55 a kan gado, ya miƙa ɗansa hadaya ta wuta, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. A ganina wannan ne zuciyar al'amarin. Da halin gidan ne ke riƙe da alkawari, da tuni ya zube. Wanda ya yi rantsuwar shi ne ya riƙe ta.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai koyarwar da ta yi yawa a ikilisiyoyinmu, inda ake tsoratar da mutane da la'anar gado, a ce duk abin da ya same ka laifin kakanka ne ke bin ka. Gaskiya ne zunubin iyaye na barin tabo a gida, Fitowa 20:5 ba ta ɓoye wannan ba. Amma ki sa wannan koyarwa kusa da jerin sarakunan Yahuza ki gani. Ahaz mugu ya haifi Hezekiya mai tsoron Allah. Hezekiya ya haifi Manassa, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Amon, wanda fādawansa suka kashe bayan shekara 2, shi ya haifi Yosiya, wanda ya hau gado yana da shekara 8 ya kuma komar da jama'a ga Shari'a. Ezekiyel 18:20 ya yanke magana: ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba.

Misalin da na fi so shi ne na Kora. A Ƙidaya 16 ya tayar wa Musa da Haruna, aka ce wa jama'a su nisanci alfarwan mugayen nan, ƙasa ta buɗe baki. Sai can a Ƙidaya 26:11, a tsakiyar ƙidayar kabilu, aka saka gajeriyar magana cewa 'ya'yan Kora ba su mutu ba. Ki riƙe wannan ki je 1 Tarihi 6:33-38. Za ki ga Heman, babban mawaƙin da Dawuda ya naɗa, ɗan Yowel ne, ɗan Sama'ila, aka yi ta hawa da asalinsa har aka kai Kora. Ashe annabi Sama'ila daga gidan ɗan tawayen nan ya fito. A 9:19 kuma zuriyar Kora su ne matsaran ƙofofin wurin sujada. Sai ki buɗe Zabura 84, wadda aka rubuta a kanta cewa ta 'ya'yan Kora ce, ki ji mai waƙar na cewa gara masa ya tsaya a bakin ƙofar Haikalin Allahnsa da ya zauna a alfarwan mugaye. Ya san abin da yake faɗa, labarin gidansu ne. Wannan darasi ne da yaranki na makarantar Lahadi za su iya ɗauka, musamman yaron da ake yi wa gori da halin ubansa.

Haka za ki yi da sauran surorin. Ki karanta da fensir a hannu, duk inda jerin ya tsaya ya ƙara wata magana, ki sa alama. A 1 Tarihi 4:9-10 za ki gamu da Yabez da addu'arsa. A 5:1-2 za ki ji dalilin da ya sa Ra'ubainu ya rasa matsayin ɗan fari. A 7:24 akwai wata mace, Sheyera, da ta gina garuruwa uku. Sura ɗaya a rana ta isa, ki haɗa da Zabura guda.

Akwai wani sashe na Matiyu 1 da ba a cika yin wa'azi a kai ba, aya 13 zuwa 15. Bayan Zarubabel sai Abihudu, Eliyakim, Azuro, Saduƙu, Akimu, Aliyudu, Ele'azara, Matana, Yakubu. Mutum tara, Littafi bai ba da labarin ko ɗayansu ba, sai sunan kawai. Kusan shekara 500 ke nan, Farisawa suka wuce, Iskandari da Helenawa suka zo, Makabiyawa suka yi mulki, Romawa suka karɓe. Gidan sarauta ya yi ta gangarowa har ya tsaya a kan Yusufu, masassaƙi a Nazarat, wanda ranar da suka kai jaririn Haikali hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa, wadda Shari'a ta yarda wa wanda bai da halin ɗan rago (Luka 2:24, Littafin Firistoci 12:8). Mutanen nan tara ba su ga gadon sarauta ba, ba su ga Almasihu ba. Sun yi aure, sun yi suna, sun gaya wa 'ya'yansu daga wane gida suka fito, sun mutu. Yawancin masu bi rayuwarmu ta fi kama da tasu fiye da ta Dawuda, kuma ta kansu maganar ta bi ta iso Baitalami.

Sai dai a yi hattara, domin Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus a kan jayayya game da asali marar iyaka (1 Timoti 1:4, Titus 3:9). Yahaya Maibaftisma ya gaya wa masu taƙama da Ibrahim cewa Allah na iya tayar masa da 'ya'ya daga duwatsu. Duk wanda ya karanta jerin nan ya fito yana ɗaga kai da kabilarsa ko gidansu a cikin ikilisiya, ya karanta a juye. Kuma ba a rubuta su domin lissafin shekarun duniya ba. Babban bishop James Ussher na ƙasar Ailan ya yi irin wannan lissafi a 1650, ya ce an yi halitta a shekara ta 4004 kafin Almasihu, amma tunda mun ga ana tsallake tsara, ni ba na ɗora bangaskiyar kowa a kan wannan adadi.

Game da Matiyu da Luka, wanda ya gaya miki sun bambanta bai yi ƙarya ba. Matiyu ya fara daga Ibrahim ya gangaro, domin Yahudawa yake nuna wa ɗan Dawuda. Luka ya fara daga Yesu ya haura har Adamu, domin yana nuna Mai Ceton dukan 'yan adam. Daga Ibrahim zuwa Dawuda kusan bakinsu ɗaya. Daga nan Matiyu ya bi ta Sulemanu, Luka ya bi ta Natan, wani ɗan Dawuda, suka haɗu a kan Sheyaltiyel da Zarubabel, suka sake rabuwa. Matiyu ya ce uban Yusufu Yakubu ne, Luka ya ce Heli. Ikilisiya ta san da wannan tun da wuri. A ƙarni na 3 wani marubuci Kirista, Yuliyas Afirkanus, ya bayyana cewa Yakubu da Heli 'yan uwa ɗaya ne uba dabam, Heli ya mutu ba ɗa, Yakubu ya auri matarsa bisa ga Maimaitawar Shari'a 25:5-6, don haka Yusufu ɗan Yakubu ne ta jini, ɗan Heli ta shari'a. Wasu malamai sun ce Luka asalin Maryamu ya bayar, Heli kuwa surukin Yusufu ne. Wasu kuma sun ce Matiyu layin magadan sarauta ya bi, wanda kan tsallaka zuwa ɗan'uwa in sarki bai bar magaji ba, Luka kuma ya bi layin haihuwa. Ni na fi karkata ga na ukun, domin ya dace da manufar Matiyu, wanda tun aya ta farko sarauta ce a gabansa.

Abin lura shi ne dukansu biyu sun tsaya a kan Dawuda, Bulus ma ya faɗi haka a Romawa 1:3, kuma dangin Yesu an san su da wannan asali har bayan zamanin manzanni. Yusibiyas, marubucin tarihin ikilisiya na ƙarni na 4, ya kawo labari daga Hegesibus, wani marubuci Kirista na ƙarni na 2, cewa a zamanin Domishiyan, wanda ya mulki Roma daga 81 zuwa 96, an kai ƙarar jikokin Yahuza ɗan'uwan Ubangiji cewa su zuriyar Dawuda ne. Aka gurfanar da su, sarki ya tambaye su ko haka ne, suka amsa. Ya tambayi dukiyarsu, suka ce su biyun abin da suka mallaka bai wuce darajar dinari 9,000 ba, shi ma ba kuɗi ba ne, 'yar gona ce da suke nomawa su ci su biya haraji, suka nuna masa kantar da ke hannuwansu. Ya tambaye su mulkin Almasihu, suka ce ba na duniyan nan ba ne, na sama ne, zai bayyana a ƙarshen zamani. Domishiyan ya raina su, ya ga ba abin tsoro a wurinsu, ya sallame su. Suka koma suka zama shugabanni a ikilisiyoyi, suka rayu har zamanin sarki Tirajan.